Gyaran Harkar Noma a Kwarin Sakkwato da Rima

Gyaran harkar noma a kwarin Sakkwato da Rima shi ne jerin matakan da gwamnatin tarayya ta ɗauka tun shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, domin sauya tsarin mallakar gona da na ban ruwa a yankin. Ya tsaya ne a kan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sa filaye a hannun gwamnan jiha, da kuma manyan madatsun ruwa ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

Mafi shahara a ciki ita ce madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda a lokacin take cikin jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta tsakanin 1974 da 1978, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, aka kuma tsara ta shayar da kusan hekta 23,000. Kafin a ja magudanan ruwa sai da aka karɓe gonaki, aka sare ɗorawa da kuka, aka baje ƙasa da katafila. Manoma suka yi damina bayan damina ba shuka, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Da suka tare hanyoyin aikin, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka musu a Afrilun 1980, zamanin gwamna Shehu Kangiwa. Gwamnati ta ba da adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne.

Asarar da masu tsara aikin ba su saka a lissafi ba tana gangaren kogi. Manomin fadama ya dogara ne da cikowar kogi a watannin Agusta da Satumba: ruwa ya malale, ya ajiye laka, shinkafa ta yi, ƙasa ta riƙe damshin da za a yi noman rani. Da madatsa ta tare ruwan, fadama mai yawa ta koma tudu, aka bar shinkafa aka kama gero da dawa masu ƙarancin riba, kamun kifi ya ragu, cin rani ya ƙaru. A cikin aikin kansa ma, na'urorin fesa ruwa da ke buƙatar lantarki da kayan gyara daga waje sun daina aiki.

Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa tun shekarun 1990 ya bi wata hanya dabam: rijiya mara zurfi da ƙaramin injin ban ruwa a madadin jigo. Gona tana hannun mai ita, shi ke zaɓen abin da zai shuka, galibi albasa, tafarnuwa, tumatir da tattasai. Matsalarsa tsadar fetur da taki, da faɗuwar farashi lokacin da kowa ya cire albasa a tare. Noman rani ya kuma cinye wuraren kiwo da mashayar dabbobi, abin da ya ƙara saɓani tsakanin manoma da makiyaya.