Awa 72 da shekara 10: wa dokar kutse take nufi a tashoshin wuta, ruwa da mai?

Tun da aka yi wa dokar laifukan intanet ta Najeriya kwaskwarima a 2024, wata magana take ta yawo tsakanin masu aiki a tashoshin lantarki, matatun ruwa da wuraren tura mai da iskar gas. Wai duk injiniyan da aka yi wa na'urorinsa kutse yana bakin aiki, ɗaurin shekara 10 ne ke jiransa. Wasu sun ƙara gishiri, suna cewa in aka rasa rai to hukuncin kisa ne. Wasu kuma suna raɗa wa juna cewa in ka ga alamar kutse gara ka ja bakinka ka yi shiru, don kai rahoto kai kanka ne. Wannan ta ƙarshen ta fi tayar mini da hankali, saboda kishiyar abin da dokar ta ce ke nan, kuma shirun da take koyarwa zai iya cin rayuka.

Dokar da ake magana a kai ita ce ta 2015 wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, Shugaba Bola Tinubu kuma ya sa hannu kan gyaranta a watan Fabrairun 2024. Sashe na 3 ya ba Shugaban Ƙasa iko, bisa shawarar Mai Ba Shi Shawara kan Harkokin Tsaro, ya ayyana wasu kwamfutoci da hanyoyin sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa, wato waɗanda lalacewarsu za ta taɓa tsaro, tattalin arziki ko lafiyar jama'a. An fitar da irin wannan umarni a 2024. Ya shafi ɓangarori irin su lantarki da makamashi, ruwa, sadarwa, bankuna, lafiya, sufuri da masana'antu.

Kafin a fahimci tsananin hukuncin, sai an san irin na'urorin da ake karewa. Kwamfutar ofis in aka yi mata kutse, bayanai ne ke salwanta. Ita kuwa ƙaramar na'urar da ake kira PLC, wadda ke maƙale cikin akwatin ƙarfe kusa da injin, ita ke buɗe bawul, ta tayar da famfo, ta auna yawan sinadarin da ke shiga ruwan sha. Daga ɗakin kula ma'aikaci yana kallonsu duka a allo ta tsarin da ake kira SCADA. Da yawan waɗannan na'urori an kafa su ne don su yi shekara 20 ko fiye suna aiki, kuma ba a iya kashe su kowane mako don sabunta manhaja, tunda kashe su na nufin tsayar da tashar. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suke magana da juna, Modbus, tun 1979 aka ƙirƙiro ta, kuma a asalinta ba ta tambayar wanda ya aiko umarni ko shi wane ne. Duk wanda ya isa layin ya ce a buɗe, buɗewa za a yi.

An ga abin da wannan ke haifarwa. Ranar 23 ga Disambar 2015, ma'aikatan kamfanonin rarraba wuta uku a Yukiren suna zaune suna kallo kibiyar kwamfuta tana yawo a allonsu ba da hannunsu ba, tana kashe ƙananan tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Kusan gidaje da wuraren sana'a 225,000 suka shiga duhu a tsakiyar hunturu. A 2017 an gano wata muguwar manhaja mai suna Triton a wata masana'antar sinadaran man fetur a Saudiyya, ita kuma ba injinan ta nufa ba, na'urar da ke tsayar da masana'anta in abu ya ɓaci ta nufa, wato birkin ƙarshe da ke tsakanin ma'aikata da fashewa. Wanda ya san waɗannan ba zai yi mamakin ganin majalisa ta ware wa irin wannan laifi hukunci na musamman ba.

To, ga abin da sashe na 5 ya ce. Wanda da gangan ya aikata wani laifi daga cikin laifukan da dokar ta hana, a kan ɗaya daga cikin kadarorin da aka ayyana, za a iya ɗaure shi har shekara 10 ba tare da zaɓin tara ba. In laifin ya jawo wa wani mummunan rauni, har shekara 15, nan ma babu zaɓin tara. In ya jawo mutuwa, ɗaurin rai da rai. Babu kisa a nassin, ko da yake an sha rubuta hakan a wurare da dama tun 2015, har ya zauna a kan mutane. Haka kuma 10 da 15 ɗin iyaka ce ta sama, alƙali ne zai duba ya yanke abin da ya dace a ƙasa da ita ko daidai da ita.

Sharuɗɗa uku ne a jere: mutum ya aikata laifin da dokar ta ambata, kamar shiga na'ura ba izini ko hana ta aiki, ya yi shi da niyya, kuma ya yi shi a kan kadarar da aka ayyana. Ma'aikacin da ke kan aikin dare aka shigo masa ta wata kafa da bai san da ita ba, bai cika ko ɗaya daga ciki ba. Shi aka cuta. Wanda ya danna saƙon yaudara a imel cikin rashin sani, ko ya soka filas ɗin da bai san tana ɗauke da cuta ba, ya yi sakaci, kuma kamfaninsa na iya hukunta shi bisa ƙa'idar aiki, amma sakaci daban, niyya daban. Mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar wa kotu da niyyar.

Kada dai wani ya ɗauka katin shaidar aiki garkuwa ne. Sashen bai ce sai baƙo ba. A shekarar 2000, a yankin Maroochy na jihar Queensland a Ostireliya, wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya haɗa na'urorin tashoshin dagwalon ruwa ya nemi aiki a hukumar yankin bai samu ba. Sai ya riƙa zagayawa a mota da kwamfutar tafi-da-gidanka da na'urar rediyo yana aika wa famfuna umarnin ƙarya, har kimanin lita 800,000 na ƙazanta ta malala cikin rafuka da wuraren shaƙatawa. An ɗaure shi shekara 2. Irin wannan mutum, wanda ya san sirrin gida ya juya shi makami don huce haushi, shi ne wanda ya kamata sashe na 5 ya hana barci.

Abin da ya rataya a wuyan mai gudanar da tasha yana sashe na 21 ne, kuma nan ne gyaran 2024 ya taɓa sosai. Duk mutum ko hukumar da ke gudanar da kwamfuta ko hanyar sadarwa, ta gwamnati ko ta 'yan kasuwa, wajibi ne ta sanar da cibiyar ƙasa mai kula da martani kan kutse, ngCERT, wadda ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro, game da hari ko kutsen da aka kai mata. Gyaran ya ce rahoton ya bi ta cibiyar ɓangaren da kake ciki, kamar wadda hukumar NCC ta kafa wa kamfanonin sadarwa. A da wa'adin kwana 7 ne daga aukuwar abin. Yanzu awa 72 ne daga lokacin da aka gano shi. Wanda ya kasa kai rahoto, za a iya yanke masa intanet, ya kuma biya tarar naira miliyan 2 cikin asusun tsaron intanet na ƙasa. A lura, tarar ta ɓoyewa ce. Babu tarar an yi maka kutse a wannan sashe.

Mutane sun ga kwana 7 ya koma 3 sai suka ce an matse su. Ta wata fuska haka ne, amma a duba inda agogon yake fara bugawa. Masu kutse a irin waɗannan wurare ba su cika shiga yau su yi ɓarna yau ba. A Yukiren sun yi watanni a cikin kwamfutocin kamfanonin suna koyon yadda ma'aikata ke aiki kafin ranar da suka kashe wuta. Da tsohon lissafi, wa'adin kwana 7 ya ƙare tun kafin kowa ya san an shigo, wato kamfani na iya zama mai laifin jinkiri kan abin da ba shi da labarinsa. Sabon lissafi ya gyara wannan, kuma ina ganin an yi adalci a nan.

Amfanin gaggawar kuwa ba na wanda aka kai wa harin kaɗai ba ne. Tashoshi da yawa na'ura iri ɗaya suke amfani da ita, daga kamfani ɗaya, wani lokaci da ɗan kwangila ɗaya mai shiga daga nesa don gyara. A watan Nuwamban 2023 an yi kutse a na'urar PLC ƙirar kamfanin Unitronics ta hukumar ruwa a Aliquippa da ke jihar Pennsylvania a Amurka. Irin na'urar takan fito daga masana'anta da kalmar sirri 1111, kuma wurare da dama sun jona ta da intanet ba su canza ba. Da labarin ya fito, hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta yi gargaɗi, sauran masu irin na'urar suka san abin da za su duba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma sai ka ji labarin wutar tukuna. Mai ɓoye kutse yana hana maƙwabtansa wannan damar.

Akwai kuma masu tsoron cewa da zarar an kai rahoto gwamnati za ta zo ta rufe tasha. Abin da sashen ya ba ngCERT shi ne ikon ba da shawarar a ware na'urorin da abin ya shafa har sai an magance matsalar. Ware na'urar da ta kamu daga sauran kuwa abu ne da kowane injiniya mai hankali zai yi ko ba a ce masa ba.

Najeriya ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2022 da ake kira NIS2 ta nemi gargaɗin farko cikin awa 24, ƙarin bayani cikin awa 72, rahoton ƙarshe cikin wata guda. A Amurka, bayan harin Mayun 2021 da ya sa kamfanin Colonial Pipeline ya rufe bututunsa na mai har tsawon kwanaki ya kuma biya fansar kusan dala miliyan 4.4, an yi dokar CIRCIA a 2022, wadda ta tanadi awa 72 don rahoton kutse da awa 24 don bayyana biyan fansa.

Sai dai kwatancen yana tona rauninmu. A Turai, tarar manyan kamfanoni masu muhimmanci tana iya kaiwa yuro miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na cinikinsu na shekara a duniya, duk wanda ya fi yawa, kuma shugabannin kamfani ne doka ta ɗora wa alhakin amincewa da matakan kariya da sa ido a kansu. Mu kuwa naira miliyan 2 ce ga kowa. Ga ƙaramar cibiya kuɗi ne mai nauyi, ga babban kamfanin mai ko na lantarki kuwa bai kai abin da zai sa manaja ya fasa ɓoye abin kunya ba. Hukuncin yanke intanet ma ban ga yadda za a zartar da shi kan tashar da ke sa ido kan famfuna da layukan wuta daga nesa ba tare da jama'a sun fi kamfanin shan wahala ba. Akwai kuma wata kafa da sabon lissafin ya buɗe: tunda agogo daga ganowa yake farawa, wanda bai sa na'urar sa ido ba, ba ya kuma ajiye tarihin masu shiga da fita a na'urorinsa, ba zai taɓa gano komai ba, don haka ba zai taɓa makara ba. Wanda ya kashe kuɗi ya sa ido shi ne zai yi ta rubuta rahoto. Wannan bai yi mini daidai ba.

Maganin wannan kafa yana cikin dokar, a wurin da ba a cika karantawa ba. Sashe na 3 ya yarda umarnin Shugaban Ƙasa ya gindaya mafi ƙarancin ƙa'idojin kariya, da na wanda zai iya taɓa bayanai, da shirin farfaɗowa bayan bala'i ko kutse. Sashe na 4 kuma ya ba da damar a umarci ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro ya binciki kadarorin a kowane lokaci. Ba sai an ƙirƙiro ƙa'idojin daga tushe ba, tunda akwai ma'aunin duniya na IEC 62443 da aka rubuta musamman don na'urorin sarrafa masana'antu, wanda ginshiƙinsa shi ne raba na'urori rukuni-rukuni da tsare kowace hanyar da ke haɗa su, ta yadda cutar da ta shiga kwamfutar ofis ba za ta zarce ɗakin kula ba.

Ni batun shirin farfaɗowa nake so masu bincike su fi matsa wa. Abin da ya ceci Yukiren a 2015 shi ne ma'aikata sun shiga motoci sun je ƙananan tashoshin sun mayar da wuta da hannu, aka samu haske cikin sa'o'i, alhali na'urorin ɗakin kula sun daɗe ba su dawo daidai ba. A Aliquippa ma da hannu aka ci gaba da tafiyar da famfon. Don haka in mai bincike ya shiga tasha, ya tambaya ko akwai kwafin manhajar kowace PLC a wurin da ba ya jone da layi, yaushe aka gwada mayar da shi, mutum nawa ne a aikin dare suka iya tafiyar da injin ba allo, kuma wa aka ɗora wa alhakin kiran cibiyar ɓangare in aka ga alamar kutse da ƙarfe 2 na dare. Shugabannin kamfani ne ya kamata su amsa waɗannan tambayoyi a rubuce, su kuma sanar da ma'aikatansu a fili cewa wanda ya kawo labarin kutse da wuri ba za a hukunta shi kan kawo labarin ba.