Waiwaye: Dashen ido da labarin 1974 da bai iso zaure ba

Gardamar ba da kyautar ido bayan mutuwa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun Birnin Kebbi da zaurukan WhatsApp. Wasu na ganin sadaka ce mai gudana, wasu na cewa a bar mamaci ya koma ga Ubangijinsa yadda aka halicce shi, wasu kuma da an ambaci cire ido sai hankalinsu ya tafi kan matsafa. Maganar ta fi tasowa bayan aikin ido na kyauta, inda za a wanke wa masu yana su koma gida suna gani, a ce wa masu hakiya nasu sai dashe. Sai a ɗauka wani sabon abu ne likitoci suka ɓullo da shi, alhali ya haura shekara 100.

Abin da ake dasawa ba ƙwayar ido ba ce. Koniya ce, fatar nan garai-garai da ke gaban baƙin ido kamar gilashin agogo. In ta yi tabo ta yi fari, haske ba ya wucewa, ko da cikin idon lafiya lau yake.

A 1905 Eduard Zirm ya yi dashen farko da ya kama, a garin Olomouc na ƙasar Cek ta yanzu, ga wani manomi da farar ƙasa ta ƙone wa idanu. A shekarun 1930 Vladimir Filatov ya nuna a Odesa, ta ƙasar Yukren ta yanzu, cewa koniyar mamaci ma tana aiki. A 1944 aka buɗe bankin ido na farko, wato ma'ajiyar idanun da aka bayar kyauta domin dashe, a Niyok. Nijeriya ta kafa dokar dashen koniya a 1973, daga baya aka samu bankin ido a Legas. Malamai ma ba jiya suka zauna a kai ba: majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta dashen koniya a 1978, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci a zamanta na Jidda a 1988, da sharaɗin izininsa ko na magadansa, kuma ban da ciniki. Akwai malaman da har gobe ba su gamsu ba, suna kafa hujja da hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye, kuma hujja ce da ba a wasa da ita.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1974. Kafin ita, ƙwayar idon ake cirewa ɗungurungum, a sa a kwalba kan jiƙaƙƙen bandeji, a ajiye a firiji. Kwana ɗaya, in ta daɗe biyu, ta lalace. Dole ke nan mamaci da majinyaci da likita su kasance kusan gari ɗaya, a tashi mutum tsakar dare a ce ya zo an samu. A shekarar ne wasu masu bincike biyu a Amurka, Bernard McCarey da Herbert Kaufman, suka haɗa wani ruwa da koniya ke rayuwa a cikinsa har kwana huɗu. Zuwa farkon shekarun 1990 an samu wanda ke riƙe ta kwana 14 a sanyin firiji.

Ruwan nan ya sauya komai. Tunda koniyar kaɗai ake ajiyewa, sai aka koma yanko ta da ɗan zoben farin ido, a bar ƙwayar a mazauninta, a ɗora wata 'yar roba, a rufe fatar ido. Aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma ma'aikacin da aka horar yana iya yin sa ko a gida. An samu sararin gwada jinin mamacin don kauce wa ƙanjamau da ciwon hanta, an kuma samu damar ɗora ta a jirgi zuwa wata nahiya.

A auna wannan da yadda muke sallamar mamatanmu. Mutum ya cika da asuba a Jega ko Bunza, kafin azahar an dawo daga maƙabarta, kuma gaggawar nan sunna ce. Likitoci sun fi son a cire koniya cikin awa shida, balle a zafin Afrilu. To ai kafin a gama haƙa kabari a ɗinka likkafani an kammala. A ganina nan gizo yake saƙa: masu goyon baya da masu ƙi duk hoton ƙwaƙule ido ne a ransu, suna gardama kan aikin da aka sauya wa fasali shekara 50 da suka wuce. Galibin mutanenmu a gida suke cikawa, wanda ya cika a asibiti kuma danginsa sauri suke su ɗauke shi, ba mai fuskar da zai tare su da wannan magana. A Indiya sai da asibitoci suka ware ma'aikata na musamman don zama da iyalai a wannan lokaci kafin kyautar ta yawaita.

Ruwan ya zo da nasa tarkon. Da yake koniya na iya zuwa daga Amurka ko Asiya cikin ƙanƙara, sai dogaro da ta waje ya fi sauƙi a kan shawo kan na gida. Yawancin dashen da ake yi a ƙasar nan da irinta ne, kuɗin sarrafa ta da jigilarta kuma da dala ake biya. Duniyar ma ba ta wadata ba: wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna koniya ɗaya ce ga mabuƙata 70.

Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama ba sa gani, yana ce kan gaba da kashi 43. Masu hakiya ba su kai haka ba, amma da dama tun suna yara suka samu tasu: baƙon dauro ya haɗu da ƙarancin bitamin A, ko amosanin ido ya juya gashin ido yana gogar koniya shekara da shekaru. Sai kuma na fadama. Ƙaiƙayin shinkafa ya faɗa wa manomin Argungu a ido wajen sheƙa, ya murza, a ɗiga masa ruwan sukari ko na wani ganye, ko ya sayo maganin ɗigawa mai rage ja wanda ke ƙara wa gyambon ƙarfi. Kafin ya isa asibiti baƙin ido ya yi fari fat.

Ba kowace hakiya dashe ke yi wa magani ba. Idon da amosani ya busar ba ya riƙe sabuwar koniya yadda ya kamata. Wanda aka yi wa kuma sai ya dinga ɗiga magani wata da watanni, yana komawa a duba, zaren ɗinkin kan kai shekara kafin a cire. Ga mutumin da ke ƙauyen Yawuri, likitansa kuma yana Kaduna ko Kano, kuɗin motar komawar ma na cikin lissafin aikin.