Ilimin kwamfuta na haɗin gwiwar fannoni a jami'ar gwamnati

Ilimin kwamfuta na haɗin gwiwar fannoni shi ne tsarin koyarwa da bincike da ake haɗa kimiyyar kwamfuta da wani fanni dabam, kamar likitanci, noma, nazarin ƙasa ko nazarin harshe, domin warware matsalar da ɗayansu shi kaɗai ba zai iya ba. Masanin fanni ne ke kawo tambaya da bayanai, masanin kwamfuta kuma ya kawo hanyar sarrafa su. Koya wa ɗalibin shari'a buga takarda a kwamfuta bai shiga wannan ma'ana ba. Sai lokacin da lissafin da kwamfuta ke yi ya zama wani ɓangare na amsar kanta.

Matsayinsa a Najeriya

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, mai hedikwata a Abuja, ita ke tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar a kowane digiri. A watan Disamba na 2022 ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu mai suna CCMAS, wanda ya fitar da ilimin kwamfuta daga cikin kimiyya ya ba shi gurbi na kansa, da digirori irin su kimiyyar kwamfuta, tsaron intanet, kimiyyar bayanai da injiniyancin manhaja. Tsarin ya tanadi kashi 70 cikin 100 na darussa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. A cikin wannan kashi 30 ne haɗin gwiwar fannoni ke samun wurin zama, in majalisar malaman jami'a ta ga dama.

Digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, shekara uku ga wanda ya shiga aji biyu kai tsaye. Akwai kuma watannin koyon aiki na SIWES, wanda asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ke kula da shi, kuma hedikwatar asusun a Jos take.

Abin da Jos ke da shi

Jami'ar Jos, wadda za a ɗauka misali a nan, ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta zama mai cin gashin kanta a 1975. Abin da ya sa garin ya dace da irin wannan karatu shi ne yawan cibiyoyin da ke tara bayanai a kewayensa: asibitin koyarwa na jami'ar da ke Lamingo, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam ta hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum a Laminga. APLORI ce ke jagorantar taswirar tsuntsayen Najeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai suna turo sunayen tsuntsayen da suka gani ta wayar hannu. Wanda ya san tsuntsu bai iya ƙididdiga ba zai rasa yadda zai yi da dubban rahotanni. Wanda ya iya ƙididdiga bai san tsuntsu ba kuma ba zai gane cewa wani rahoton kuskure ne ba.

Yadda aiki ɗaya ke tafiya

A ɗauki misalin kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi. Ɗalibin nazarin ƙasa da na kwamfuta suna son sanin yawansu da faɗinsu. Za su sauko da hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda kyauta ne, kowane ɗigo a cikinsu na wakiltar mita 10 a ƙasa, kuma ana ɗaukar wuri guda kusan duk kwana 5. Hotunan wani tauraron, Landsat, sun fi daɗewa, don haka su ake nema in ana son kwatanta shekarun baya, sai dai ɗigonsu mita 30 ne, ƙaramin kududdufi ɓacewa yake a ciki. Ruwa na shanye hasken infrared, wanda ido ba ya gani, sai a kwatanta shi da koren haske a manhajar QGIS ko da harshen rubuta manhaja na Python, ruwa ya fito daban.

Kurakurai uku ke yawan ɓata wannan aiki. Hotunan Yuli da Agusta gajimare ne ya rufe su, na tsakiyar hunturu kuma hazo ya dusashe su, shi ya sa ake son na Nuwamba. Inuwar duwatsun Filato tana fitowa baƙa kamar ruwa, manhaja ta ƙirga ta a matsayin kududdufi. Na uku ya fi wuyar ganewa: tsofaffin taswirorin Najeriya an auna su ne da ma'aunin Minna, na'urar GPS kuwa da WGS84 take aiki, in ba a daidaita su ba, kowane wuri zai goce da gomman mita. Hanyar gano kuskure ita ce a ɗauki GPS a je bakin kududdufai kamar 30 a tabbatar da ido. Ɗaliban kwamfuta kan so su tsallake wannan mataki saboda kuɗin mota, alhali shi ne ke nuna ko taswirar gaskiya ce.

Aikin gano cutar ganyen dankalin Turawa daga hoto, cutar da ke addabar manoman Bokkos da Mangu da damina, yana da nasa tarkon. Akan raba hotuna kashi uku: 70 na horar da manhaja, 15 na gyara ta, 15 na gwaji. In aka cakuɗa hotunan kafin rabawa, ganyen gona ɗaya zai faɗa cikin na horo da na gwaji, manhaja ta ci jarrabawar da ta riga ta ga amsarta. Sakamako zai yi kyau a takarda, ya rushe a gonar maƙwabci. Daidai shi ne a raba bisa gona, kuma masanin cututtukan tsirrai ne zai sa wa kowane hoto suna, domin ƙunar rana da ƙarancin taki kan yi kama da cutar.

A nazarin harshe matsalar daga allon rubutu take farawa. Mutane da yawa na rubuta Hausa ba ƙugiya, "baki" da "baƙi" su zama kalma ɗaya, "bata" da "ɓata" haka. Dole masanin harshe ya yanke ƙa'idar da za a bi kafin a fara ƙirga.

Koyarwa da kayan aiki

Ɗalibi na bukatar aljabara, ƙididdiga, tsara rumbun bayanai da harshen Python ko R kafin aji uku. Kundin kammala digiri ya fi kyau da malamai biyu, ɗaya daga kowane sashe, a rubuta tun farko wa ke ba da maki nawa. In ba a yi haka ba ɗalibi ne ke shan wahala: wannan malami ya ce babu sabon abu a lissafin, wancan ya ce babu zurfi a fannin.

Wutar lantarki ce ke yanke girman ɗakin gwaji. Kwamfutar tebur da allonta na cin kimanin wat 120, guda 40 ke nan kusan kilowat 5, ban da fanka da na'urar intanet. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta kai rabin haka ba, kuma batirinta na riƙe aiki in an ɗauke wuta. Sanyin Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, na rage bukatar na'urar sanyaya ɗaki, amma ƙurar hunturu na toshe fankar kwamfuta, sai an hure mata ƙurar kowane zango.

Adana bayanai kuwa ba abin wasa ba ne. Gobarar da ta ci ɗakin karatu na jami'ar a harabar Naraguta a watan Oktoba na 2016 ta nuna haɗarin ajiye komai a gini ɗaya. Ƙa'ida ita ce kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam.

Doka da kuɗi

Bayanan marasa lafiya ba sa fita daga asibiti sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe su. Goge suna kaɗai bai isa ba, domin shekaru da unguwa da ranar kwanciya na iya tona mutum a ƙaramin gari.

Kuɗin bincike galibi daga asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, yake zuwa ko daga masu tallafi na waje. Yajin aiki na katse shi. Na ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya haɗiye damina guda, duk binciken da ya dogara da amfanin gona sai da ya jira shekara. Ƙarin girma ga malamai kuma yawanci da maƙalun mujallu ake auna shi, wanda ya shafe shekara biyu yana tsabtace rumbun bayanan da wasu za su amfana da shi ba kasafai ake ƙirga masa wannan aiki ba.