Karatun Fisiyoterafi a Jami'a

Karatun fisiyoterafi shi ne horon da jami'o'i da manyan makarantun kiwon lafiya suke bai wa ɗaliban da za su zama likitocin fisiyo, wato ma'aikatan lafiyar da aikinsu shi ne dawo da motsi da ƙarfin jiki ga wanda ciwo ko rauni ko tsufa ya raba shi da su. A bakin jama'a an fi kiran wannan aiki da gashin ƙashi, saboda fitilu da na'urorin ɗumama jiki da ake gani a sashen, amma sunan ya yi wa sana'ar kaɗan, domin gashi ɗan ƙaramin yanki ne na abin da ɗalibi yake koyo. Wanda ya kammala karatun ana sa ran zai iya duba majinyaci da kansa, ya gano abin da ya hana gaɓa ko tsoka ko jijiya aiki, ya tsara magani ta hanyar atisaye da aikin hannu da shawara, sannan ya gane lokacin da ciwon ya fi ƙarfin fanninsa har ya tura mai shi wurin wani likita.

Yadda karatun ya faro

Tausa da motsa jiki da ruwan ɗumi tsofaffin hanyoyin magani ne a kusan kowace al'umma, amma mayar da su darasi mai manhaja da jarrabawa ya faro ne a Turai a ƙarni na 19. A 1813 Per Henrik Ling ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a Sitokholm, babban birnin Suwidin, kuma a 1887 hukumomin ƙasar suka fara yi wa masu wannan aiki rajista. A Ingila, ma'aikatan jinya mata huɗu ne suka kafa ƙungiyar masu tausa da suka samu horo a 1894, a daidai lokacin da sunan sana'ar ya ɓaci saboda wasu gidaje da suka fake da tausa suna aikata wani abu dabam. Makamin da matan suka ɗauka don wanke sana'arsu shi ne jarrabawa, ta yadda ba wanda zai shiga ƙungiyar sai ya nuna ya san ƙirar jiki kuma ya iya aikin. Ƙungiyar ta samu amincewar masarauta a 1920, kuma a 1944 ta ɗauki sunan fisiyoterafi. A can Niyu Zilan, makarantar Jami'ar Otago ta buɗe a 1913, kuma tana cikin mafi daɗewa a duniya.

Abubuwa biyu ne suka hanzarta bunƙasar makarantun: yaƙi da cutar shan inna. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dawo da dubban sojoji da guntulallun gaɓoɓi da tsinkakkun jijiyoyi, sai Amurka ta shiga horar da mata cikin gaggawa don su taimaka musu su koma rayuwa. Ɗaya daga cikinsu, Mary McMillan, ita ce ta zama shugabar farko ta ƙungiyar da aka kafa a 1921, wadda daga baya ta zama ƙungiyar likitocin fisiyo ta Amurka. Annobar shan inna kuwa, kafin a samu rigakafin Jonas Salk a 1955, ta cika asibitoci da yaran da ƙafafunsu suka shanye, kuma a kansu ne aka goge hanyoyin gwada ƙarfin tsoka da ake koyarwa har yau. A 1951 ƙungiyoyin ƙasashe 11 suka haɗu a Kwapanhegan suka kafa ƙungiyar duniya ta wannan sana'a, wadda tun 2020 ake kira World Physiotherapy. A Afirka ta Yamma, Jami'ar Ibadan ta fara bayar da digirin a 1966.

Babban sauyin da ya tilasta karatun ya zurfafa ya zo ne a 1976, lokacin da Ostareliya ta ba majinyaci damar zuwa wurin likitan fisiyo kai tsaye ba tare da takardar wani likita ba, Birtaniya kuma ta bi sahu ba da jimawa ba. Kafin nan ma'aikacin umarni yake bi: a rubuto masa a gasa kafaɗa sau goma, ya gasa. Daga ranar da ya zama shi ne mutum na farko da mai ciwo zai gani, nauyin gano cuta ya hau kansa, kuma horon shekara biyu na koyon hannu bai isa ya ɗauki wannan nauyi ba.

Tsawon karatu da sunan digiri

Matsayar ƙungiyar duniya ita ce karatun shiga sana'ar ya zama na matakin jami'a, amma ƙasashe sun bi hanyoyi mabambanta. A Ingila digirin farko shekara uku ne, a Sikotilan huɗu, kuma wanda yake da wani digiri mai alaƙa zai iya shiga ta digiri na biyu na shekara biyu. A Indiya an daɗe ana yin shekara huɗu a ƙara da wata shida na sanin makamar aiki a asibiti. A Faransa, tun gyaran 2015, ɗalibi yana yin shekara ɗaya a jami'a sannan huɗu a makarantar sana'ar. Jamus ta daɗe tana riƙe da tsarin makarantar koyon sana'a na shekara uku, mai awa 2,900 na darasi da awa 1,600 na aiki da majinyata, wanda ake rufewa da jarrabawar gwamnati, ko da yake jami'o'in ƙasar su ma sun shigo fagen. A yawancin jami'o'in Kanada sai da digiri na biyu ake shiga aiki.

Amurka ce ta fi nisa. Jami'ar Creighton ta buɗe digirin dakta na sana'a a 1993, kuma daga 2016 ya zama shi kaɗai ne hukumar tantance makarantu take amincewa da shi. Ɗalibi yakan kammala digirin farko na shekara huɗu, sannan ya yi kimanin shekara uku a kan fisiyoterafi. Wannan digiri ba ɗaya yake da digiri na uku na bincike ba, kuma bai mayar da mai shi likitan da ke yin tiyata ba. Masu goyon bayansa suna cewa ya dace da wanda zai karɓi majinyaci kai tsaye, masu suka kuma suna nuni da tsadar shekara bakwai da bashin da ɗalibi yake fita da shi. Abin da ya fi sunan takardar muhimmanci shi ne abin da aka koyar a cikinta da kuma yawan majinyatan da ɗalibi ya taɓa da hannunsa a ƙarƙashin idon gwani.

Abin da ɗalibi yake koyo

Shekarun farko na kimiyyar jiki ne, kuma ilimin ƙirar jiki shi ne ginshiƙi. Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki sama da 600, kuma game da kowace babbar tsoka ana buƙatar ɗalibi ya san inda ta taso, inda ta maƙale, jijiyar da take motsa ta, da motsin da take haifarwa. A jami'o'i da yawa ana yin wannan darasi a kan gawarwakin da aka tanada don koyarwa. Ana haɗa shi da ilimin yadda gaɓoɓi suke aiki, da nazarin ƙwaƙwalwa da laka, da ilimin cututtuka da na magunguna, da kuma nazarin motsi, inda ake amfani da dokokin fiziks don fahimtar yadda nauyi yake sauka a gwiwa ko ƙugu yayin tafiya.

A ɗakin gwaji ɗalibai jikin junansu suke koyo da shi, wannan ya kwanta a matsayin majinyaci, wancan ya duba, sannan su yi musanya. A nan ne yatsu suke koyon bambanta tudun ƙashi da igiyar tsoka a ƙarƙashin fata. Idan za a auna lanƙwasar gwiwa, ɗalibi yakan ɗora cibiyar ma'aunin kusurwa a kan tudun ƙashin da ke gefen gwiwar ta waje, ya saita hannun ma'aunin ɗaya zuwa ƙugu, ɗayan zuwa idon sawu, sannan ya karanta; lafiyayyar gwiwa takan lanƙwashe kimanin digiri 135. Ƙarfin tsoka kuma ana ba shi maki daga 0 zuwa 5: sifili idan babu ko alamar motsi, 1 idan tsokar ta ɗan girgiza amma gaɓar ba ta motsa ba, 2 idan gaɓar tana motsi muddin an ɗauke mata nauyinta, 3 idan tana iya ɗaga kanta, 4 idan ta jure ɗan danni, 5 idan ƙarfinta cikakke ne. Waɗannan lambobi su ne suke nuna wa ma'aikaci bayan mako uku ko maganinsa yana aiki ko kuwa lokaci ake ɓatawa.

Daga nan manhaja takan rabu zuwa manyan fannoni uku. Na ƙashi da tsoka ya ƙunshi ciwon baya da na wuya, targaɗe, amosanin gaɓɓai, da farfaɗowa bayan karaya ko tiyata. Na jijiyoyi ya ƙunshi shanyewar ɓarin jiki, raunin laka, da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun suna jarirai. Na zuciya da huhu, wanda mutane da yawa ba su san yana cikin sana'ar ba, yana kai ɗalibi har ɗakin kulawa ta musamman, inda ake taimaka wa wanda yake kan na'urar numfashi ya fitar da majinar da ta taru a ƙirjinsa, a kuma tashe shi zaune da wuri kafin tsokokinsa su zube. Akwai kuma darussa kan tsofaffi, 'yan wasa, da lafiyar mata, musamman matsalar riƙe fitsari bayan haihuwa.

Darasin da ya fi kowanne nauyi shi ne sanin inda za a janye hannu. Mafi yawan ciwon baya ba shi da haɗari, amma idan ya zo da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi da kasa yin fitsari, alama ce ta cewa jijiyoyin ƙarshen laka sun matse, kuma mai shi likitan tiyata yake buƙata a wannan rana. Haka nan idan sha-raɓar wanda aka yi wa tiyata ta kumbura ta yi zafi, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, kuma tausa a wurin tana iya tura gudan jinin zuwa huhu. Ɗalibin da ya iya duk dabarun hannu amma bai iya gane irin waɗannan alamomi ba, bai cancanci a bar shi shi kaɗai da majinyaci ba.

Ana kuma koyar da karanta bincike da tace shi, domin abin da aka ɗauka gaskiya ne jiya yana iya faɗuwa yau. An daɗe ana umartar mai ciwon baya ya kwanta ya huta, sai bincike ya nuna ci gaba da motsi ya fi masa amfani, kuma ƙa'idojin da hukumar tsara magani ta Ingila ta fitar a 2016 sun ba da shawarar a daina amfani da jan ƙashin baya da wasu na'urorin lantarki a kan wannan ciwo. Tun 1999 akwai rumbun bayanai na PEDro, wanda aka kafa a Sidni, da yake tattara gwaje-gwajen fannin yana ba su maki gwargwadon ingancinsu. Tsarin auna lafiya da naƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2001 kuma ya koya wa ɗalibai su duba abin da mutum yake iya yi a rayuwarsa, kamar hawa matakala ko komawa wurin aiki, maimakon su tsaya kan sunan cutar kawai.

Horo a asibiti

Babu makarantar da ake amincewa da ita sai tana tura ɗalibanta wurin majinyata na gaske. A Birtaniya ma'aunin da aka daɗe ana bi shi ne awa 1,000, a Amurka kuma aƙalla mako 30 na cikakken aiki. Ɗalibi yakan fara da kallo, sannan a ba shi majinyaci ɗaya malami yana tsaye, har ya kai ga riƙe nasa jerin majinyatan yana rubuta bayanansu malami yana sa hannu.

Abin da ake koyo a nan littafi ba ya iya ba da shi. Tashin mai shanyewar ɓarin jiki daga bakin gado ya isa misali. Ɗalibi zai tsaya ta ɓangaren da ya shanye, ya jawo ƙafafun majinyacin baya har su zo ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya tokare gwiwar mai rauni da tasa don kada ta lanƙwashe, ya sa shi ya sunkuyo gaba, sannan su miƙe tare. Ba a jan hannun da ya shanye, domin kafaɗar ta saki kuma tana iya gocewa. A lokaci guda ɗalibin yana kallon fuskar mutumin don alamar jiri, yana kuma zaɓen kalmomin da zai yi masa magana da su, domin wanda jiya yake tafiya da ƙafarsa yau kuma ba ya iya zama shi kaɗai yana cikin tsoro da karayar zuciya. Yawancin maganin fisiyo majinyaci ne yake yin sa da kansa a gida, don haka wanda bai iya shawo kan mutum ya yi atisayensa kullum ba, iliminsa ba zai kai ko'ina ba.

Makarantu da yawa suna gwada wannan ƙwarewa da jarrabawar tashoshi, wadda aka ɓullo da ita a Jami'ar Dandi ta Sikotilan a shekarun 1970: ɗalibi yana zagaya ɗakuna, a kowanne yana da 'yan mintuna ya yi wani aiki takamaimai a gaban mai ba da maki.

Lasisi da ƙarancin ma'aikata

Digiri shi kaɗai ba ya ba da izinin aiki. Ƙasashe da yawa suna da hukumar rajista; a Amurka sai an ci jarrabawar ƙasa sannan jiha ta ba da lasisi, a wasu ƙasashen kuma sai an yi shekara guda ta sanin makamar aiki. Bayan haka akwai ƙwarewa a fanni guda da kuma karatun sabunta ilimi da ake buƙata kafin sabunta lasisi. A Birtaniya, tun 2013, likitan fisiyo da ya yi ƙarin horo yana iya rubuta wasu magunguna da kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 2.4, wato ɗaya cikin kowane mutum uku, suna da lalurar da za ta amfana da aikin farfaɗo da jiki, kuma ciwon baya kaɗai ya shafi mutum miliyan 619 a 2020. Duk da haka, a ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi ƙwararrun fannin ba su kai 10 ga kowane mutum miliyan ɗaya ba. Wannan ne ya sa hukumar ta ƙaddamar da shiri na musamman a 2017, babban taronta kuma ya zartar da ƙudurin ƙarfafa fannin a 2023. Buɗe sabon sashe a jami'a ba ya warware matsalar da sauri, domin ana iya faɗaɗa zauren lacca ya ɗauki ɗalibai ɗari biyu, amma malami a bakin gadon asibiti ba zai iya sa ido sosai a kan fiye da 'yan ƙalilan ba. A wuraren da ma'aikatan suka fi ƙaranci, a nan ne ake rasa waɗanda za su horar da na baya, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka horar sukan tafi ƙasashen da suka fi biyan albashi tun kafin su kai matsayin koyarwa.