Gano Matsalar Tashin Babbar Kwamfuta daga Ma'ajiyar SAN

A manyan kwamfutocin IBM Z, waɗanda suka samo asali daga System/360 na shekarar 1964, ana kiran tayar da manhajar gudanarwa IPL, wato loda shirin farko. Shekaru da dama ana yin sa daga faifan ECKD, nau'in faifan gargajiya na waɗannan injuna, wanda lamba guda ta isa a kai gare shi. A farkon shekarun 2000 aka ƙaro wata hanya: tayarwa daga faifan SCSI, irin wanda sauran kwamfutoci ke amfani da shi, da ke cikin SAN, wato ma'ajiya mai zaman kanta da ake isa gare ta ta wayar gilashi da tashar FCP, mahaɗar injin da irin wannan ma'ajiya. A cikin manhajojin gudanarwa, Linux da z/VM suna iya tashi ta nan, amma z/OS har yanzu faifan ECKD yake hawa ta tashar FICON, mahaɗar injin da faifan ECKD.

Wannan hanya ta tsawaita tafiya tsakanin injin da faifansa, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ke kula da dukkanta ba: mai injin daban, mai suwic (na'urar da ke haɗa injin da ma'ajiya) daban, mai ma'ajiya daban. Shi ya sa gwanaye ba sa fara tambayar me ya lalace, sai su tambayi ina tafiyar ta tsaya.

Abin da injin ke bukata

Kafin manhaja ta tashi, wani ɗan shiri da ke dashe cikin injin ne ke nemo faifan. Ana ba shi lambar na'urar FCP, da WWPN, wato lambar shaidar ƙofar ma'ajiya, da LUN, wato lambar faifan a bayan wannan ƙofa. WWPN da LUN kowanne alamomi 16 ne a lissafin tushe 16. Idan ana cikin LPAR, wato yankin injin da aka ware yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, a allon HMC, na'urar da ake sarrafa injin da ita, ake cike su. Idan kuwa baƙon z/VM ne, wato manhajar da ke gudana a ƙarƙashin z/VM, da umarnin SET LOADDEV ake sa su, ana raba kowace lamba gida biyu, takwas-takwas, kafin a ba da umarnin IPL.

Idan ba a kai ga faifan ba

Ana fara duba na kusa: shin tashar a kunne take, an ayyana ta a matsayin FCP cikin tsarin IOCDS, inda ake rubuta bayanan tashoshi da na'urorin injin, an kuma ba wannan LPAR ko baƙon izinin amfani da ita? Wannan ba ya cin lokaci.

Daga nan sai katanga biyu da suka fi kayar da mutane. Ta farko tana kan suwic, inda ake shata waɗanne ƙofofi ne za su ga juna. Ta biyu tana kan ma'ajiyar kanta, inda ake tantance wanda za a nuna wa wane faifai. Dole a buɗe dukkansu, kuma da WWPN ɗin da ya dace. A nan NPIV ke rikita lissafi. Wannan fasaha, da ta zo da System z9 a 2005, tana ba kowace na'urar FCP nata WWPN maimakon duka su yi tarayya a na tashar. Tsaro ya ƙaru, amma mai suwic na iya ɗaukar lambar tashar ya rubuta, alhali injin da wata lamba zai shigo, irin mai farawa da c05076. Ga kuma wani tarko: lambar NPIV ba ta bayyana a suwic sai na'urar ta shiga, don haka mai duba jerin waɗanda suka shiga ba zai gan ta ba kafin a gwada. Idan an sauya injin da sabo, lambobin na iya canzawa, sai a sake shata iyakoki.

Rubutun LUN ma yana bukatar natsuwa. Faifai mai lamba 1 a ma'ajiyoyi da yawa ana rubuta shi 0001000000000000, ba 0000000000000001 ba. A ma'ajiyar IBM ta DS8000 kuwa salon daban ne: faifai 1234 yakan zama 4012403400000000. Alama ɗaya ta kauce, injin zai nemi faifan da babu shi.

Idan an kai ga faifan amma bai tashi ba

Wannan na nufin hanya lafiya lau, laifin na kan faifan ne. Shirin zipl ke rubuta bayanan tayarwa na Linux, kuma wuraren da fayiloli suke a faifai yake riƙewa, ba sunayensu ba. In an sauya ƙwayar Linux (kernel, ginshiƙin manhajar) ko initramfs (ƙunshin fayilolin da take fara tashi da su) ba a sake gudanar da shi ba, injin zai loda abin da ba shi ne ba, galibi ya tsaya cak cikin halin jira. Lambar PSW da allo ya nuna a lokacin, wadda ke bayyana halin da injin ya tsaya, shaida ce, a rubuta ta kafin a sake gwadawa.

Idan Linux ta tashi ta rasa faifanta

Hanyar da injin ya bi ya loda ƙwayar ba ta zama gado ga Linux ba, sai ta sake buɗe tata da direban zfcp, shirin da Linux ke sarrafa na'urar FCP da shi. Idan initramfs ba ya ɗauke da bayanan na'urar, ko cio_ignore (jerin na'urorin da aka ce Linux ta yi watsi da su) ya ɓoye ta, ko multipath (shirin da ke tattara hanyoyi da dama zuwa faifai guda) bai haɗa hanyoyin ba, tafiya za ta ƙare a allon gaggawa. Umarnin lszdev da lszfcp suna nuna abin da ake gani, chzdev kuma ke gyarawa.

Matsalar da ta fi zafi ita ce wadda ke kwance ba a sani ba. Linux mai aiki tana da hanyoyi da dama zuwa faifanta, ɗaya ta mutu sauran su ɗauke nauyin. IPL kuwa bisa al'ada hanyar da aka rubuta masa kawai yake bi. Injin na iya shafe watanni yana aiki alhali hanyar tashinsa ta yanke, sai ranar da aka kashe shi gaskiya ta fito. Saboda haka ya kamata kafin duk wata sake kunnawa a duba umarnin lsreipl, a tabbata hanyar da ya nuna tana raye, in ba haka ba a sauya ta da chreipl, a kuma ajiye lambobin hanya ta biyu a wurin da ba ya dogara da injin da ake shirin kashewa.