Tsakuwar ƙoda: yadda ake jure zafinta, da lokacin da juriya ba ta da amfani

Me ya sa abin da bai fi ƙwayar dawa ba yake sa ƙaton namiji birgima a ƙasa?

Tsakuwa tana iya shekaru a cikin ƙoda mai ita bai sani ba. Ciwon yana tashi ne ranar da ta gangaro cikin siririn bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Tsawon bututun nan santimita 25 zuwa 30 ne, faɗin cikinsa kuwa milimita 3 zuwa 4 kacal. Da yawa suna zaton kaifin tsakuwar ne ke yankan mutum. Babban dalilin shi ne toshewa: ƙoda ba ta fasa tace fitsari, fitsarin ya rasa hanya ya taru a baya, ƙodar ta kumbura, bututun kuma ya yi ta murɗawa yana son turo tsakuwar. Shi ya sa ciwon yake tasowa ya lafa ya sake tasowa, kowane tashi daga minti 20 har zuwa awa guda.

Mai wannan ciwo ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya durƙusa, ya miƙe, ya dafe kwiɓi, ya jingina da bango, gumi na karyo masa, ga tashin zuciya ga amai. Zafin yakan fara daga baya, ƙasan haƙarƙari a gefe guda, ya sauko mara da matsematsi, a namiji har cikin maraina. Idan tsakuwar ta kusa mafitsara sai mutum ya riƙa jin fitsari a kai a kai, ya je ya yi ɗan kaɗan.

Ya kama ni cikin dare. Me zan yi?

In karon farko ne, a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye. Akwai cututtukan da ke kama da wannan waɗanda ba sa ba da lokaci: ciwon afendis, cikin da ya zauna a wajen mahaifa, murɗewar maraina a yaro ko saurayi, da fashewar babbar jijiyar jini ta ciki a dattijo. Jini a fitsari ma ba ya isa hujja, domin a garuruwan da ake wanka a rafi da madatsun ruwa tsargiya tana kawo shi. Gwajin fitsari da hoton sikanin su ne matakin farko. Hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki daki-daki, ya fi kowanne ganin tsakuwa, sai dai tsada, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba.

Wanda likita ya riga ya gani, ya auna tsakuwar, ya ce ya koma gida ya jira ta fita, shi ne zai yi jinya a ɗaki. Ya sha maganin da aka rubuta masa tun ciwon yana ɗan tsunkuli, kada ya bari sai ya kai maƙura. Ya zuba ruwan ɗumi a gora, ya naɗe ta da tawul, ya ɗora a kwiɓin. Ɗumi yana sassauta murɗar, kuma an gwada shi a bincike an ga yana rage zafi da tashin zuciya. Idan ya lafa, ya ɗan zagaya tsakar gida. Kada ya tuƙa mota ko babur.

Wane magani ne ya fi kashe zafin?

Magungunan rage kumburi, irin su diclofenac da ibuprofen. Suna rage matsin fitsarin da ya taru a ƙoda da kumburin bututun, wato suna taɓa tushen ciwon. A gwaje-gwajen da aka yi sun yi daidai da allurai masu bugarwa ko sun fi su, kuma ba sa sa amai kamar su. Wanda amai ya hana shi haɗiyar ƙwaya ana yi masa allura ko a ba shi na matsawa ta dubura.

Amma ba na kowa ba ne. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mace mai juna biyu, mai ciwon zuciya, mai shan maganin tsinka jini, da wanda amai ya tsotse wa ruwan jiki, duk waɗannan magungunan na iya yi musu illa, har su taɓa ƙodar da ake son ceto. Su kam, parasitamol ya fi musu aminci har likita ya gan su. A nan ne nake jin tsoron al'adar nan ta "haɗa mini magani" a kemis: a ƙulla wa mutum diclofenac da ibuprofen da piroxicam a leda ɗaya, alhali duk dangi ɗaya ne. Zafin ba zai ƙara raguwa ba, cikin ne zai iya yin jini.

Tiramol da allurar pentazocine suna da wurinsu a hannun likita, na ɗan lokaci. Mun ga abin da suka yi wa matasa, kuma ciwon da ke dawowa ƙofa ce mai sauƙi ta sabo da su. Buscopan, wanda ake yawan bayarwa don murɗar ciki, bincike bai nuna yana ƙara wani abin kirki a nan ba.

An ce in yi ta ɗirkar ruwa don ya turo ta. Haka ne?

Ba a lokacin da ciwon ya taso ba. Hanya a toshe take, tulin ruwa ba zai ɓalle ta ba, amai kawai zai ƙara. A lokacin a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Bayan ya lafa ne ake son lita biyu da rabi zuwa uku a yini, wato ledar fiya wata biyar zuwa shida, a rarraba daga safe har dare. Ma'aunin shi ne launin fitsari: ya zama fari-fari. Leburan da ke aiki cikin rana a bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, zai buƙaci fiye da haka. Mai ciwon zuciya ko ƙodar da ta raunana kuwa likita ne zai yanka masa adadi.

Za ta fita da kanta? Yaushe?

Girmanta ne ke faɗa. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, galibi takan fita. Daga 5 zuwa 10, kusan rabi ne ke fita. Ta haura 10, da wuya. Wani kwana biyu, wani sati uku. Likitoci ba sa son jiran ya wuce sati huɗu zuwa shida, domin ƙodar da ta daɗe a toshe tana lalacewa. Ga masu matsakaicin girma da suka sauko ƙasa, akan ba da tamsulosin, maganin da ke saki bakin bututun. Yana sa jiri, don haka a riƙa miƙewa a hankali.

Da zarar ta faɗa mafitsara an wuce mai wuyar, domin hanyar waje ta fi faɗi. A riƙa fitsari a roba ana tacewa da rariyar shayi ko ƙyalle mai tsabta. Abin da za a gani ɗan ƙanƙani ne, ruwan ƙasa ko rawaya, mai kaushi. A adana shi a kai asibiti, sanin irinta ne ke nuna yadda za a hana wata.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne ɗaukewar ciwo. Zafi na iya tafiya tsakuwar tana nan daram, ƙodar tana shan wuya a ɓoye. Wanda bai ga fitarta da idonsa ba, ya koma a sake hoto.

To yaushe zan daina jurewa?

Tsananin zafi ba shi ne ma'aunin haɗari ba. Ƙaramar tsakuwa na iya sa mutum ihu ta fita washegari. Abin tsoro shi ne zazzaɓi ko rawar sanyi a kan wannan ciwo. Alama ce ƙwayoyin cuta sun shiga fitsarin da ya toshe, kuma cikin awoyi suna iya bazuwa a jini. Kada a ce maleriya ce a sayi magani a kwanta. Sai an buɗe wa fitsarin hanya a asibiti, maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya isa. Haka nan idan fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana shan komai, ko magani ya kasa taɓa zafin. Mai ƙoda ɗaya, mai juna biyu da mai ciwon suga ba sa jinyar wannan a gida sai da sanin likita.

Lemon tsami da man zaitun fa? Ko jiƙon gargajiya?

Lemon tsami yana da sinadarin da ke rage haɗuwar sabuwar tsakuwa, matsa shi a ruwan sha ba laifi. Amma ba ya narkar da wadda ta riga ta maƙale. Man zaitun kuwa hanji yake bi, ba ya ratsa bututun fitsari balle ya sa masa santsi. Yawancin tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam ne, babu abin sha da ke narkar da su. Nau'in yurik asid ne aka fi iya narkarwa, da maganin da ke rage tsamin fitsari. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, a ɗura wa ƙodar da ke toshe, ganganci ne.

Zan iya azumi?

Wanda tsakuwa ke kan hanyar fita marar lafiya ne, kuma addini ya yi masa rangwame ya sha ya rama. Wanda ta taɓa yi masa ta wuce, ya tambayi likitansa, ya kuma raba ruwansa tsakanin buɗa-baki da sahur.

In ta ƙi fita, sai an yanka ni?

Da wuya a yanzu, inda akwai kayan aiki. Akwai na'urar da ke farfasa ta daga waje da girgizar sauti, wadda aka fara amfani da ita a Munik ta Jamus a 1980. Akwai siririyar kyamara da ake zurawa ta hanyar fitsari a fasa tsakuwar da hasken leza. Manya, masu haura santimita 2, ana ciro su ta ɗan huji a baya. Sau da yawa ana barin siririyar roba a cikin bututun don fitsari ya riƙa wucewa. Tana sa yawan fitsari da ɗan jini da tsunkuli a kwiɓi, wannan ba abin tsoro ba ne. Sai dai ta wucin gadi ce: a rubuta ranar da aka ce a dawo a cire ta, domin idan aka manta da ita tsakuwa tana taruwa a jikinta.