Mai hoton biki a gida da ƙetare: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ake cewa hoton biki ya fi sauran hotuna wuya?

Don biki ba a maimaita shi. A situdiyo in hoto bai yi ba, sai a ce a gyara tsayuwa a sake. Amma uwar amarya da ta juya ta share hawaye da bayan hannu, wa zai ce mata ta sake? Shi ya sa za ka ga mai hoto rataye da kyamara biyu, ɗaya da ido (wato gilashin gaban kyamara) mai 24-70mm don taro, ɗaya da 70-200mm don ya ɗauko fuska daga nesa ba tare da mai ita ya ankara ba. Kuma kyamarar da ake zuwa biki da ita, gara mai cin katin memori biyu, kowane hoto ya shiga duka biyun a take. Kati yakan mutu ba sallama.

Akwai kuma rigimar haske. Farar riga kusa da baƙin kwat tana rikita kyamara: in ka bi rigar, ango ya dushe, in ka bi kwat ɗin, adon rigar ya ɓace fat. Wannan ne dalilin ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta tace ba, don a samu abin cetowa wajen gyara.

To ranar biki ce duk aikin?

Ina! Ita ce ma ƙaramin ɓangare. Bayan an watse, zai zauna gaban kwamfuta da dubban hotuna, ya zubar da na rufe ido da na hamma, ya gyara sauran a manhaja irin su Lightroom. Masu cewa "ai danna maɓalli kawai yake yi" ba su ga wannan zaman ba. Kafin ma ya kwanta a daren farko sai ya kwafe komai: kwafi 3, a ma'ajiya iri 2, ɗaya a wani wuri daban.

In an gayyace shi wata ƙasa, da me zai fara?

Da takardu, tun kafin ya taɓa jaka. Bizar yawon buɗe ido ba izinin aiki ba ce, kuma ƙasashe da yawa, ciki har da Amurka da Ingila, suna da tsauri kan baƙon da ya shigo a matsayin mai ziyara ya ɓuge da aikin kuɗi. A ƙasashen Shengen na Turai, ɗan ziyara kwana 90 ne iyakarsa cikin kowane kwana 180, amma batun aiki kowace ƙasa da dokarta. Sai ya tambayi ofishin jakadanci.

Sai kwastam. Jami'i ya buɗe jaka ya ga kyamarori da fitilu, yana iya cewa haja ce aka kawo sayarwa. Maganin wannan shi ne takardar ATA Carnet, wadda ke nuna kayan aiki ne za su shiga su fito, kuma tana aiki har shekara 1 a ƙasashen da suka amince da ita. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto daga sama kuwa, a yi hattara: a Maroko, in babu izini, tun a filin jirgi ake karɓe shi.

Kayan fa, yaya ake shiga jirgi da su?

Kyamara da katuna a jakar hannu, kada su rabu da kai. Akwati kan yi ɓatan kai ya iso bayan kwana biyu, an riga an sha biki. Batiran lithiyam na ko-ta-kwana ma doka ce su zauna a jakar hannu. Wanda bai wuce 100Wh ba (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne) babu matsala, daga nan zuwa 160Wh sai da yardar kamfanin jirgi, kuma guda biyu kacal. Kan soket ma a duba: na Ingila ƙafa uku ne, na Faransa da Italiya zagayayyu ne.

Rana ai rana ce, ko tana bambanta?

Sosai. A Landan a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, kuma a hankali take tafiya. A ƙasashen da ke kusa da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita) kuwa, jan hasken nan mai laushi da masu hoto ke farauta gab da faɗuwar rana, kafin ka gama jera dangi ya tsere. Don haka mai hankali yakan isa kwana ɗaya ko biyu kafin biki, ya zaga wurin a daidai lokacin da za a yi taron. A wuri mai zafi da laima irin Dubai, in ka fito da kyamara daga ɗaki mai na'urar sanyaya, idonta kan yi raɓa, sai ka jira ya washe.

Rayuwar tana da daɗi kamar yadda ake gani a Instagram?

Da daɗinta, amma wanda ya je tsibirin Santorini na ƙasar Girka aiki, sau da yawa filin jirgi da otal da zauren biki kaɗai ya gani. Yini yake a tsaye, kafaɗa na ciwo, wani lokaci a manta da shi wajen cin abinci. Ƙarshen mako da kowa ke gida, shi yana bikin wasu, har na danginsa ya wuce shi saboda ya karɓi kafin alƙalami tun watanni da suka gabata. Kuɗin tikiti da masauki kuwa, in bai sa su cikin yarjejeniya a rubuce ba, daga ribarsa za su fita.